Farantin Barmu da Ya Fashe Sau Uku

Alƙasum ƙarya yake yi mini, kuma ban ji haushi ba. Na gano hakan ranar Litinin da hantsi, a ɗan ɗakin zane da ke bayan atalyen Babana, wato shagon aikinsa na ƙarfe, a Tawa. Ba mutum ne ya tona masa asiri ba. Da'ira ce.

Ga waɗanda suka shigo labarin yau, sunana Raƙiya, ɗiyar Malam Sabo mai tur, wato injin sassaƙa ƙarfe. Babana yana sassaƙa ƙarfe tun kafin a haife ni. In wani abu ya karye a injin niƙa, ko a famfon garka, ko a mota, kuma babu irinsa a kasuwa, wurinmu ake kawowa. Na yi karatun zanen injuna a Yamai na dawo gida. Aikina shi ne in auna abin da ya karye, in zana shi a ordinatar, wato kwamfuta, in fidda takarda in miƙa wa Baba, shi kuma ya yanka sabo. Ina da tebur, da fanka, da taga da ke kallon bishiyar dogonyaro. Ina son aikin nan. Ku riƙe wannan, don a kansa maganar take.

Kusan duk abin da ake kawo mana zagayayye ne, ko kuma yana da huji. Ita kuwa da'ira abu biyu take nema a wurin mai zane: ina cibiyarta take, kuma nawa ne daga cibiya zuwa baki. In an kawo ƙarfe cikakke, aikin mai sauƙi ne. In guntu aka kawo, cibiyar ta tafi da sauran. Sai in shimfiɗa guntun a kan farar takarda tare da ma'auni, in ɗauki hotonsa daga sama, in sa a manhajar zane. In zaɓi ɗigo uku a kan lanƙwasar bakinsa, nesa da juna gwargwadon hali. Da'ira ɗaya ce tak ke iya ratsa ɗigo ukun nan, kuma manhajar tana fiddo ta da cibiyarta. Daga nan sai in ja cibiyar in dasa ta a kan sifili, tsakiyar shafi. Kowane hujin bulon, wato ƙusar ɗauri, daga cibiyar nake auna shi, ba daga baki ba, don baki yana cinyewa. Haka nake yi kullum, ko da aikin minti biyar ne.

Alƙasum ya fara zuwa bayan girbi, ranar Lahadi, ranar kasuwa. Dogo ne, da rawani baƙi da ya ɗan koɗe, da garin gero a gashin girarsa. Yana da injin niƙa a Barmu. Ya ajiye guntun ƙarfen zubi a kan teburina, kwata ɗaya na farantin da ke riƙe dutsen niƙa.

"Malama, ya hwashe," ya ce.

"Ina sauran?"

"Sun watse."

"Ƙarfe ne ko tsuntsu?"

Bai yi dariya ba. Ya kalli ƙasa, ya ce matan garin suna jiran niƙa tun shekaranjiya, wasu sun koma ga turmi, kuma shi ake zagi. Ya tsaya a bayana har na gama, yana kallon yadda da'irar ke fitowa daga guntun. Da ta cika a kan gilashi sai na ji ya ce a hankali, "Ikon Allah. Ke nan ko abu ya ɓata kina sanin inda tsakiya tai take." Baba ya yanka masa sabon faranti, ya tafi.

Da aka kwana biyu sai ga shi da wani guntu. Wannan, in ji shi, na injin wani abokinsa ne a Afala. Ya zo da cuku a cikin ƙyalle, ya ce a kai wa Inna. Na ce masa ai injinan yankin Adar kusan duk iri ɗaya ne, mu buga masa zanen wancan karon. Baba ya ɗago daga kan tur ya ce a'a. Dokarsa ce: kowane makaniken ƙauye ya taɓa faɗaɗa huji ko ya ƙara wani, don haka ba a yarda da "iri ɗaya ne", sai an auna. Na sake aunawa. Alƙasum ya sha shayi da Baba, suka yi hirar tsadar gazuwal, man injin niƙa, ya tambaye ni ko idona ba ya ciwo da kallon gilashi. Iyakar abin da ya faɗa mini ke nan. Ya karɓi lambata, wai don in faranti ya ƙi shiga. Bai taɓa kira ba. Ranar Juma'a kawai yake turo gaisuwa, kalma biyu, babu fure babu hoto.

To, a gida kuma wata magana ce ke tafasa.

Gwaggo Balki yayar Babana ce. In ta shigo gida sai turarenta ya riga sallamarta. Ranar Asabar kafin Litinin ɗin da na faɗa ta zo da shadda ruwan ƙasa, da mayafi mai duwatsu, da zoben azurfa a yatsa uku. Ta tarar ina tsinke zogale a gindin rumfa, Inna tana dama fura.

"Ke ɗiyar ga, nuna mini hannunki."

Na nuna.

"Dubi! Baƙin mai har cikin farce. Maimuna, haka za ki kai ta gidan mutane?"

"Yaya, ai sabulu na fidda shi," in ji Inna, ba ta ɗago ba.

"Sabulu ba ya fidda shekaru. Mi take jira? Mansur ya gama gini. Ɗaki har da karo, tayil mai sheƙi, a ƙasa, kana ganin fuskarka ciki."

Mansur ɗan ƙanin mijinta ne, ma'aikaci a wani ofis a Yamai. Ba zan ɓata shi don in gyara labarina ba. Yana da kirki, yana salla, yana gaida iyayena da ladabi. Kullum da safe saƙonsa ne ke fara shigowa wayata: hoton labule, hoton firji, hoton kujerun da yake so in zaɓi launinsu. Sau ɗaya na tura masa hoton wani zane da na ji daɗinsa. Ya amsa da murya, yana dariya: "Ranki ya daɗe, ki ci gaba da wasa kafin lokaci. In kin zo Yamai ke da ƙarfe sai dai cokali." Ba da mugunta ya faɗa ba. Kyauta yake ganin yana yi mini. Na saurara sau biyu, na ajiye wayar, na koma kan zanena.

Da yamma Baba ya kira ni zaure. Ba mai yawan magana ba ne.

"Raƙiya, ban ba ki wanda ba ki so. Kin sani."

"Na sani, Baba."

"Amma mutanen ga sun yi haƙuri, kuma Yaya Balki ce a tsakani. Ban iya ce musu a'a da hannu wofi. Kafin azumi zan ba su amsa. In akwai wani, shi turo magabatanai. In babu, ki yi tunani da kyau, Mansur ba abin yarwa ba ne."

Na ce to. Me zan ce? In ce akwai wani mai niƙa da ke tambayar lafiyar idona? Mutumin da ko "ina kwana" ba ya iya faɗa mini sai ya kalli fanka? Ku da kuke rubuto mini cewa in fito fili in faɗa masa, ku ba ƴan garin nan ba ne. A nan, mace ba ta tare namiji ta ce masa ya turo. Ko ta yi, ya rage nasa in bai tsorata ba.

Washegari Lahadi, sai ga Alƙasum da guntu na uku. Wannan na Takanamat ne, in ji shi, na wani dattijo da ba ya iya tafiya. Ya sa sabuwar riga ruwan toka, har da alamar ninki a kafaɗa. Ni kuma ina sanye da atamfa shuɗiya da farin hijabi, kuma gaskiya tun da asuba na goge su, ban san dalili ba, ko in ce na sani.

"Injinan ƙasarku ba su da lafiya," na ce.

"Geron bana tauri gare shi."

"Gero ke fasa ƙarfen zubi?"

"Wani geron."

Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kafin in fara, batirin ordinatar kuma ya tsufa. Na ce ya bari sai gobe, a ba direban Barmu ya kai masa. Ya tsaya kamar zai ce wani abu. Ya gyara rawani. Ya ce, "To, a huta gajiya," ya fita.

Litinin da hantsi na zauna. Don in rage wa kaina aiki sai na buɗe zanen Afala, in yi amfani da layukan gefensa da wurin rubuta suna. Na manta ban share guntun da ke ciki ba. Na sa hoton sabon, na zaɓi ɗigo uku, da'ira ta fito, na ja cibiyarta zuwa sifili kamar kullum. Sai guntayen biyu suka haɗu a shafi ɗaya, a kan cibiya ɗaya.

Faɗinsu ɗaya. Wannan bai ba ni mamaki ba. Na kama sabon na juya shi a kan cibiyar don in kawar da shi daga kan tsohon. Yana juyawa, yana juyawa, sai bakin karayarsa ya zo daidai da bakin karayar na Afala, ya zauna. Inda wannan ya yi tsini, wancan ya yi loko. Akwai rabin huji a ƙarshen ɗaya, akwai ɗaya rabin a farkon ɗayan. Suka zama huji guda, zagayayye.

Injuna biyu suna iya yin faranti iri ɗaya. Ba sa iya yin karaya iri ɗaya.

Na buɗe zanen farko, na Barmu, na kwaso guntunsa. Cibiyarsa tana kan sifili tun ranar da na dasa ta. Na juya shi. Ya shiga ɗaya gefen kamar an kira shi. Faranti ɗaya ne. Sau ɗaya ya fashe, bayan girbi, gida huɗu. Babu abokin Afala. Babu dattijon Takanamat. Akwai mutum guda da ya tattara guntayen farantinsa ya adana, yana fiddo su ɗaya bayan ɗaya, yana biyan kuɗin mota da na ƙarfe, don ya tsaya a bayan kujerata ya kalli fanka.

Na duba gilashin. Kashi uku sun cika. Saura gurbi ɗaya, a sama ta hagu.

Ban yi kuka ba, ban yi tsalle ba. Na tashi na sha ruwa a randa, na dawo na sake aunawa, don Baba ya ce sai an auna. Bai canza ba.

Da rana na kai wa Inna labari a madafa, tana tuƙa tuwo. Na juya mata ordinatar ta gani. Ta daɗe tana kallo, muciya a hannu.

"Wanga na mai cuku ne?"

"Shi ne."

"Duka ukun?"

"Duka."

Ta ci gaba da tuƙi. Can ta ce, "Ubanki wata biyu ya yi yana zuwa gidanmu sayen igiya. Ko akuya bai da ita." Ta ɗanɗana miya. "Sai da kakarki ta ce masa igiya ta ƙare."

"Inna, me zan yi?"

"Ni na ce ki yi wani abu? Miƙo mini gishiri."

Bayan la'asar na zauna a bakin gadona da waya. Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. A ƙarshe na ga babu abin da zan faɗa da ya fi zanen. Na sa wa kowane guntu launinsa, na rubuta a kansu Barmu, Afala, Takanamat. Gurbin da ya rage na bar shi fari. Na ɗauki hoto na tura masa, na ƙara layi ɗaya, irin wanda zan rubuta wa kowane mai kawo aiki:

"Malam Alƙasum, saura guntu ɗaya. Na wane gari ne?"

Alamar an karanta ta yi shuɗi nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya fara, ya tsaya. A tsakanin nan saƙon Mansur ya shigo, hoton tukwane jeri guda, da tambaya: ja ko ruwan azurfa? Ban buɗe ba.

Sai ga Alƙasum: "Na ji kunya."

Na rubuta: "Ina farantin da Baba ya yanka na biyu?"

"Yana gida. Innata na aza tukunya bisa."

Na kife fuskata a filo na yi dariya har Inna ta leƙo. Da na natsu na rubuta masa cewa na uku ba za a yanka ba, ƙarfe ba na wasa ba ne. Ya ce gaskiya ne. Sai ya yi tambayar da ban zata ba.

"Wanga aiki, ana iya yin shi ko'ina? Ko sai Tawa?"

"Ana yi duk inda akwai tebur da wuta."

"Ina da sola."

Na kalli kalmomin nan uku na daɗe. Bai ce yana sona ba. Bai ce komai a kan aure ba. Amma tun da na dawo daga karatu, shi ne namiji na farko da ya tambayi inda zan ajiye teburina.

Na san in na tsaya nan, zai ɗauki wata guda kafin ya ƙara taku. Ni kuwa ba ni da wata guda. Don haka na faɗa masa abin da yake gaskiya, ba ƙari ba roƙo:

"Akwai mutanen Yamai da ke jiran amsar Baba. Kafin azumi zai ba su."

Ya karanta. Bai amsa ba.

Talata shiru. Laraba shiru. Ranar Juma'a ko gaisuwar da ya saba bai turo ba. Na yi aikina. Na zana murfin famfo na wani mai garkar albasa, na zana ƙafar injin markaɗe. Na ci abinci, na yi barci. Ba zan ce muku ban duba wayar ba. Amma hankalina a kwance yake fiye da yadda na zata, don ko ba komai na daina tambayar kaina ko ni kaɗai nake ganin abin. Na auna, kuma ya fito.

Gwaggo Balki ta zo ranar Asabar da samfurin leshi. Na zaɓi ɗaya don kada ta ji na raina ta. Ta riƙe haɓata ta ce na yi haske. Inna ta ce furar gero ce.

Yau Lahadi. Motar Barmu takan iso da hantsi, kuma daga tagata ana ganin masu sauka in sun biyo ta hanyar kasuwa. Na ga mata da kwanduna. Na ga masu awaki. Ban ga baƙin rawani ba.

Ina cikin aiki aka yi sallama a ƙofar ɗakin zane. Dattijo ne, fari tas a gemu, da babbar riga fara da sanda. Bayansa wani dattijon, ya fi shi gajarta, yana riƙe da ƙullin goro a cikin ganye.

"Ke ce Malama mai zane?"

Na durƙusa na gaishe su.

"Ni ne Attahir, baffan Alƙasum. Wanga ƙanena ne." Ya sa hannu a aljihu ya fiddo abu a naɗe cikin ƙyalle, ya ajiye a teburina da ƙara. "Ya ce in ba ki. Ya ce wanga na Barmu ne, kuma ba na gyara ba ne."

Ban taɓa ƙyallen ba. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

"Ni ban gane zancen yaran zamani," ya ce wa ƙanensa. "Mu goro muka sani." Ya juyo gare ni. "Ɗiyata, ina Malam Sabo?"

Baba ya riga ya kashe tur. Ya wanke hannu da sabulu har sau biyu, ya sa hularsa, ya kai su zauren gida. Inna ta aika da fura da ruwan sanyi. Ni na koma kujerata, na kwance ƙyallen, na ɗauki hoto, na zaɓi ɗigo uku. Na juya guntun a kan cibiya, ya cika gurbin da ya rage.

Ba a jima ba Inna ta shigo atalye, abin da ba ta saba yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe da gefen mayafinta don kada ya taɓa mai.

"Ubanki ya saurare su," ta ce.

"Me ya ce?"

"Ya ce ya ji daɗin zuwansu. Ya ce amma akwai magana a gabansu, kuma mai maganar yayarsa ce, ba ya yanke komai a bayan idonta."

"Inna..."

"An tafi kiranta."

Gwaggo Balki ta iso kafin azahar, a kan kabu-kabu, ko turare ba ta tsaya sawa ba. Ba ta leƙo wurina ba. Ta cire takalmanta a ƙofar zaure ta shiga, aka saki labule.

Sun fito sun yi azahar, sun koma. Goron yana nan a tsakiyar tabarma, Inna ta gani da ta shiga ɗauko kwanuka. Ba a kwance shi ba, ba a kuma mayar wa masu shi ba. Yanzu ladan yana kiran la'asar, kuma takalman Gwaggo suna nan a ƙofar zaure.